Dalilin da ya sa wasu ƙananan bindigogi ke ɗaukar zafi idan harbi ya yi tsawo

Mazaunin Gama da ke bi ta Bompai, inda hedikwatar 'yan sandan Jihar Kano take, ya saba ganin ƙaramar bindiga rataye a ƙugun jami'i. A ido duk kamarsu ɗaya, amma a ciki kowace tana da dabarar da take bi wajen warware matsala guda: idan albarushi ya kama, dole bayan bututun ya zauna a rufe har harsashi ya fice, in ba haka ba kwanson zai fashe a fuskar mai harbi.

Mafi yawansu, kamar Browning Hi-Power da kamfanin DICON na Kaduna ya ƙera bisa lasisi, suna kulle bututun da murfin sama su ja baya tare na ɗan lokaci kafin su rabu. Akwai kuma wani rukuni ƙarami da ke sa iskar da albarushi ya haifar ta tsare kanta. Dabarar ta fito ne daga Jamus a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ana kuma jingina ta ga injiniya Karl Barnitzke.

Wadda ta fi shahara a wannan rukuni ita ce P7 ta kamfanin Heckler & Koch. Bayan harin da aka kai a gasar Olamfik ta birnin Munich a 1972, 'yan sandan Jamus ta Yamma sun nemi sabbin bindigogi masu harsashin milimita 9, P7 kuwa na cikin ukun da aka amince da su. An huda ɗan rami a bututunta, daf da inda harsashi ke zama. Da an harba, wani ɓangare na iskar sai ya bi ramin ya shiga silindar da ke ƙarƙashin bututun, ya tokare fistin ɗin da ke maƙale da murfin sama. Murfin na son komawa baya, iska na danne shi, har sai harsashi ya fita ƙarfinta ya faɗi. Bakanike zai ce aikin shokazoba ne, kuma bai yi nisa da gaskiya ba.

Ribar a bayyane take. Tun da bututun ba ya motsi, saiti yana yin kyau, kuma da yake yana zaune ƙasa kusa da hannu, bindigar ba ta cika ɗaga kai ba.

Sai dai iskar nan ta wuta ce, silindar kuma tana kwance ne daidai saman kunama, inda yatsa yake. Kowane harbi yana barin zafinsa a jikin ƙarfen, wanda ba ya hucewa da saurin da yake ɗauka. Idan aka zazzage gidan harsashi kaɗan a jere, wurin yakan yi zafin da yatsa ba zai jure ba. Toka kuma tana taruwa a silindar, sai an kankare ta. Kamfanin ya saka garkuwar roba a saman kunamar samfurin P7M8 mai cin harsashi 8, abin da ya rage ƙunar amma bai kawar da tushenta ba. Steyr GB ta Ostiriya, wadda Glock 17 ta kayar a gwajin sojojin ƙasar a farkon shekarun 1980, da Walther CCP ta 2014, duk sun bi wannan dabara.

A wurin aiki, inda jami'i kan yi shekaru bai harba ba, zafin ba ya cika zama matsala. A filin atisaye yake cizo, inda ake harba da yawa a zama ɗaya, kuma jami'in da hannunsa ke ƙuna yakan taƙaita horonsa. Ƙarfen da ya wuni a ranar Afrilu ta Kano, lokacin da zafi kan kai digiri 40, ya riga ya ɗumama kafin harbin farko.

Wannan ba batun ɗan kasuwa mai neman tsare shago ba ne, domin Dokar Makamai ta 1959 ta sanya ƙananan bindigogi cikin waɗanda aka haramta sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Batu ne na masu sa hannu a takardun sayo wa jami'an tsaro makamai da kuɗin jama'a, waɗanda ya kamata su nemi a gwada kowane samfuri da dogon harbi, da tsakar rana, a filin atisaye na nan gida.