Amsar Wasiƙunku: Amfanin Tsohon Dutsen Kabari

Wani mai sauraronmu daga Badarawa yana tambaya: mene ne amfanin tsohon dutsen kabari mai rubutu?

To malam, ai shaida ne. A 1939 aka gano irin waɗannan duwatsu a Sane, kusa da Gao a ƙasar Mali. An sassaƙa sunayen sarakuna a kansu da Larabci, wani ya rasu a 1100, wani a 1110. Da masana suka duba, ashe daga Almeriya ta ƙasar Sifen aka kawo su. Ka ga dutse ya ba da labarin Musulunci da fataucin Sahara.

Mu nan ba mu saba rubutu a kabari ba. Kaburburan sarakunan Zamfara da ke Dutsi, ƙasar Zurmi, labarinsu a bakin dattawa yake, dattawan kuwa tafiya suke yi.

Saboda haka in ka tsinci irinsa a gona, kada ka tumɓuke shi, kada ka sayar; dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana. Ka sanar da hakimi. In aka raba shi da wurinsa, rabin labarinsa ya ɓace.

Allah ya sa mu cika da imani.