Ko Kun Sani?

Maɗigar nan da ungozoma ke shafawa a kan jariri, a Gantsa ko wani ƙauyen Buji, alama ce ta hikimar Mahalicci, domin ƙasusuwan ƙoƙon kai ba sa haɗewa sai ƙwaƙwalwa ta sami sararin girma. Amma akwai wata lalura nadira, wadda likitan Faransa Eugène Apert ya siffanta a 1906, inda ƙasusuwan kan haɗe tun a ciki, kai ya yi tsawo, idanu su firfito, yatsun hannu da na ƙafa su manne. A 1995 masana a Ingila suka tabbatar cewa sababinta sauyi ne a ƙwayar gado guda, mai suna FGFR2, wanda galibi yakan faru sabo a maniyyin uba, musamman in shekarunsa sun ja, alhali iyayen lafiyarsu lau. Saboda haka zalunci ne a ɗora wa uwa laifi, ko a ce shafar aljanu ce. Wanda ke da lalurar kuwa, kowane ɗansa yana tsakanin gadonta da tsira, rabi da rabi. Tiyata da wuri tana buɗe wa ƙwaƙwalwa hanya, don haka a gaggauta kai jaririn asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse.