Abin da ya sa haƙar burtsatse ke da wuya a Ƙauran Namoda da Zurmi

Masu haƙar rijiyar burtsatse a Ƙauran Namoda da Zurmi sukan tarar da dutse tun ba su yi nisa ba. Dalilin yana cikin tarihin ƙasar kanta.

Masana sun tabbatar da cewa ɓawon duniya ba dunƙule yake ba. Manyan faranti ne masu motsin santimita kaɗan a shekara. Kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, farantin Afirka ta Yamma ya yi karo da yankin da ke gabashinsa. Zafi da matsi suka sauya duwatsun, suka tsattsage su. Wannan tsohon dutse ne ke ƙarƙashin yawancin Zamfara, kuma a cikin tsagoginsa zinariyar Anka da Maru ta taru.

Daga baya ƙasa ta lotsa ta wajen Sakkwato, yashi ya cike ta, teku ya shigo ya bar dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina. Yashi yana riƙe ruwa. Dutse kuwa ba ya riƙewa sai inda ya tsage ko ya rududduge.

Saboda haka, kafin ƙaramar hukuma ko ɗan kasuwa ya biya kuɗin haƙa, ya kamata a fara auna ƙasa a gano inda tsagar take.