Daga Njamena Zuwa Yawunde da Ƙaramin Guzuri: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Tsakanin Njamena, babban birnin Cadi, da Yawunde, babban birnin Kamaru, akwai tazarar da ta haura kilomita 1,300 idan aka bi ta Marwa da Garwa. Mai hali jirgin sama yake hawa. Amma yawancin masu bin hanyar ba masu hali ba ne. Akwai ɗaliban Cadi da ke karatu a jami'o'in Kamaru, akwai 'yan kasuwa masu zuwa karɓar kaya a tashar jiragen ruwa ta Duwala, akwai masu kai mara lafiya asibiti, ga kuma masu zumunci da ke sauka a unguwar Briqueterie, inda Hausawan Yawunde suka daɗe da kafa gida. Mutanen Yola da Mubi da Maiduguri ma a wannan hanya suke haɗuwa da su.

Tafiyar gaɓa-gaɓa ce, kuma gaɓa ɗaya ce ke juya sauran: jirgin ƙasa na dare da ke tashi daga Ngaundere. Wanda ya tsara tafiyarsa bisa lokacin wannan jirgi yakan isa da sauran kuɗi a aljihu. Wanda ya fita yana cewa a hanya za a gani, shi ne ke ƙarar da guzurinsa a masauki da abincin tasha.

Jirgin da ke kwana a hanya

Layin dogon da ya haɗa Yawunde da Ngaundere ya kai kimanin kilomita 620. An fara shimfiɗa shi bayan samun 'yancin kan Kamaru, ya isa Belabo a 1969, ya kai Ngaundere a 1974, kuma a nan ya tsaya har yau. Tun 1999 kamfanin Camrail ne ke gudanar da shi. Kullum jirgin fasinja ɗaya ne ke tashi daga kowane ɓangare, da misalin ƙarfe bakwai na yamma, ya isa washegari da hantsi in an yi dace.

Dalilin da ya sa ake cewa "in an yi dace" shi ne layin guda ɗaya ne, kuma jiragen kaya ma a kansa suke bi, ɗauke da katako da auduga da man fetur da dabbobi. Dole wani ya tsaya a tasha har wani ya wuce. Sashen Belabo zuwa Ngaundere kuma ya tsufa, don haka akwai wuraren da jirgin ke tafiya a hankali. Idan jirgin kaya ya kauce daga layi a gaba, fasinjoji sai haƙuri. Saboda haka kada ka sa alƙawarin asibiti ko jarrabawa ko ganin wani jami'i a ranar da kake sa ran sauka. Ka ba kanka rarar kwana guda.

Duk da haka, jirgin yana da abin da mota ba ta da shi. Kuɗin tikitin ya haɗa da wurin kwana, domin daren da za ka biya ɗaki a wani gari a cikin tafiya kake yin sa. Kana iya miƙe ƙafa, ka shiga banɗaki, ka sayi abinci a taragon cin abinci. Ga tsoho ko mai juna biyu ko mai tafiya da ƙananan yara, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Wane aji ya kamata ka saya?

Aji huɗu ne, kuma shekaru da dama farashinsu yana kusan haka: aji na biyu sefa 10,000, aji na ɗaya mai kujera 17,000, ɗaki mai gado huɗu 25,000, ɗaki mai gado biyu 28,000. Ka tabbatar da farashin a tasha kafin ka ƙulle lissafinka.

A nan ne mai neman sauƙi ya fi yin kuskure. Aji na biyu shi ne mafi araha, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Taragon cike yake da mutane da buhuna, fitila a kunne har gari ya waye, masu tallar magani suna ta kai da komo, kuma a kowace tasha ana shiga ana fita. Barci ba ya samuwa, ido kuma dole ya kasance a kan jaka. Matashi mai ƙarfi da ba ya ɗauke da wani abu mai daraja zai iya jurewa. Wanda ya riga ya kwashe yini a mota daga Marwa, sannan yana da hidima a Yawunde, zai sauka a gajiye ya kama ɗaki ya kwanta, abin da ya tsimi ya tafi a nan.

A ganina, ga mai tafiya shi kaɗai da ƙaramin guzuri, aji na ɗaya shi ne tsaka-tsaki: kujerarka da lambarta, babu mai zama maka a kai. Ga iyali kuwa, ɗaki mai gado huɗu ya fi, domin za ku rufe ƙofa, yara su yi barci, kaya su zauna a gabanku. Mace mai tafiya ita kaɗai ta nemi a haɗa ta ɗaki da mata tun lokacin yankar tikiti. Bambancin gado huɗu da gado biyu bai taka kara ya karya ba, amma gadajen ne ke fara ƙarewa, musamman gab da sallah, da ƙarshen shekara, da lokacin komawa makaranta a watan Satumba. Wanda yake da ɗan'uwa a Ngaundere ya sa a yankar masa tun kwana ɗaya ko biyu kafin ya iso. Ana neman katin shaida ko fasfo wajen yankar tikiti.

Jirgin yana tsayawa a garuruwa irin su Ngaundal da Mbitom da Belabo da Nanga Eboko. Ko da tsakar dare ne za ka ji masu talla a gefen taga suna kiran zuma da ayaba da abarba da ƙullin rogo. Zumar yankin Adamawa ta yi suna, kuma a waɗannan tashoshi ta fi araha, don haka mai neman tsaraba ya tanadi canji. Ka riƙe rigar sanyi, domin Ngaundere a kan tudu take, darenta akwai sanyi. Ka kuma shiga da ruwanka na sha da na alwala, kada ka dogara da famfon jirgi.

Kafin ka kai ga jirgin

Daga Njamena, hanyar da aka fi sani ita ce a ƙetare gadar Ngeli a kan kogin Logon a shiga Kusiri. Daga nan sai mota zuwa Marwa, kimanin kilomita 260, ta Dabanga da Waza da Mora. Wannan ne yanki mafi wahala a duk tafiyar. Hanyar ta daɗe a lalace, da damina tana iya cinye yini guda, kuma yankin ya sha fama da hare-haren Boko Haram. Da rana ake bin ta, da motar da ta tashi da sassafe. Babu wani rangwamen kuɗin mota da ya kai a bi ta da dare.

Daga Marwa zuwa Garwa kimanin kilomita 210 ne, daga Garwa zuwa Ngaundere kimanin 275. Kafin a isa Ngaundere akwai hawan dutse mai lanƙwasa da yawa, inda manyan motoci ke tafiya da ƙyar. Kamfanonin bas irin su Touristique Express da Danay Express suna bin wannan hanya, kuma direbobinsu sun san cewa fasinjoji da yawa jirgin yamma suke son tararwa. Duk da haka, wanda ya tashi daga Kusiri ba zai tarar da jirgi a rana ɗaya ba. Ka lissafa kwana ɗaya a Marwa ko Garwa tun daga gida, ka san inda za ka sauka.

Akwai hanya ta biyu, wadda ke bi ta kudancin Cadi: Njamena zuwa Mundu, sannan a ƙetara iyaka ta Tuboro a faɗo Ngaundere kai tsaye. Ta kauce wa yankin Waza gaba ɗaya, shi ya sa manyan motocin kaya da yawa suka koma kanta. A 2025 kuma an buɗe gadar da ta haɗa Bongor ta Cadi da Yagwa ta Kamaru, wadda ta ba matafiyi damar ƙetare Logon ta can ya nufi Garwa ba tare da ya bi ta Kusiri ba. Kafin ka zaɓi ɗaya, ka tambayi direbobi a tasha halin da kowace hanya take ciki a makon. Su ne ke da labarin jiya.

Wanda ya fito daga Najeriya

Daga Yola, Garwa ce mafi kusa, kuma daga Garwa mota ɗaya ce zuwa Ngaundere. Mutanen Mubi sukan bi ta Sahuda su faɗa yankin Gider. Daga Maiduguri akwai hanyar Banki zuwa Mora, da ta Gamborun Ngala zuwa Fotokol da Kusiri, sai dai dukkansu sun dogara da halin tsaro. A kan iyaka yawanci sai an sauya mota, wani lokacin har da ɗan acaɓa tsakanin shinge da shinge, kuma waɗannan ƙananan kuɗaɗe ne mutane ke mantawa a lissafi. Hausa tana yi wa mutum aiki a kasuwanni da tashoshi, amma a arewacin Kamaru Fillanci ne harshen hanya, a Njamena kuma Larabcin Cadi. Jami'ai da Faransanci za su yi maka magana.

Takardu

Cadi da Kamaru duk suna cikin ƙungiyar CEMAC, tare da Gabon da Kongo Brazzaville da Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, kuma 'yan waɗannan ƙasashe ba sa bukatar biza a tsakaninsu. Ɗan Najeriya mai fasfo ma yana shiga Kamaru ba biza don gajeriyar ziyara, bisa yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla tun 1963. Amma Kamaru ba ta cikin ECOWAS, don haka 'yan sauran ƙasashen Yammacin Afirka su bincika batun biza tun kafin su bar gida. Tun 2023 ta intanet ake neman bizar Kamaru.

Abu biyu ne ke cinye kuɗin matafiyi a shingayen jandarma da 'yan sanda: rashin katin rigakafin shawara, da rashin hatimin shiga a fasfo. Wanda ya bi ta ɓarauniyar hanya don gudun layin kan iyaka zai biya ninkin abin da ya gudar a kowane shinge daga Mora har Ngaundere, kuma ba shi da bakin magana. Ka tsaya a buga maka hatimi. Ka kuma ɗauki hoton takardunka a waya, ka ajiye kwafinsu a jakar da ba ta tare da na ainihi.

Sefa biyu ce

Wannan yakan ruɗa mutanen Nijar da Binin. Sefar da ake kashewa a Kamaru da Cadi ta Afirka ta Tsakiya ce, wadda bankin BEAC ke fitarwa. Ta Yamai da Kwatano kuwa ta bankin BCEAO ce. Darajarsu a hukumance ɗaya ce, kowace 655.957 a yuro guda, amma takardun daban suke, kuma mai shago a Garwa ba zai karɓi ta Maraɗi ba sai dai ɗan canji ya cire nasa. Mai naira ya canza abin da zai kai shi babban gari kawai a kan iyaka, sauran ya bari sai ya kwatanta farashi a kasuwar Garwa ko Marwa. Ƙananan kuɗi suna wuya a Kamaru, don haka duk inda ka sami canji ka riƙe.

In babu wuri a jirgi, ko in Duwala ka nufa

Yanzu akwai kwalta daga Ngaundere zuwa Yawunde ta Meiganga da Garwa Bulai da Bertuwa, kuma bas-bas suna bin ta dare da rana. Ta fi layin dogo tsawo nesa ba kusa ba, kuma a zaune za ka kwana. Amfaninta shi ne ana tashi sau da yawa a yini, ga sauƙin ɗora kaya masu nauyi. Illarta kuwa tuƙin dare a hanyar da ke cike da tireloli. Wanda ya rasa gado a jirgi, kuma ba gaggawa yake yi ba, gara ya kwana a Ngaundere ya bi jirgin gobe.

Jirgin ƙasa ma yana da nasa tabon. Ranar 21 ga Oktoba 2016 jirgin fasinja daga Yawunde zuwa Duwala ya kife a Eseka, mutum 79 suka rasu bisa ƙidayar hukuma, ɗaruruwa suka jikkata. A ranar, hanyar mota tsakanin biranen biyu ta yanke, jama'a suka yi cincirindo a tasha, aka ƙara wa jirgin taragu. An dakatar da jirgin gaggawa na wannan layi har zuwa 2021. Yau mai zuwa Duwala yana da zaɓi: jirgin rana daga tashar da ya sauka, ko bas a hanyar da ta kai kimanin kilomita 240.

Tun 2014 Kamaru da Cadi suka sa hannu kan shirin miƙa layin dogo daga Ngaundere zuwa Njamena, amma har yanzu layin bai wuce Ngaundere ba. Kafin ranar ta zo, lissafin mai ƙaramin guzuri shi ne kwana biyu zuwa uku a hanya, dare ɗaya a masauki, dare ɗaya a jirgi. Ka fara da tikitin jirgi, ka bi hanyoyin arewa da rana, kuma kada ka bar gida sai katin shawara da fasfo suna aljihunka.