Lissafin da ke Bayan Neman Ruwa a Duwatsun Zuru

A Argungu ko Birnin Kebbi mai haƙa rijiyar burtsatse bai cika fargaba ba, domin ƙasar can rairayi ne da laka hawa-hawa, in an nitsa galibi a tarar da ruwa. Zuru ba haka take ba. Daga Dabai har Ribah tsohon dutse ne mai tauri a ƙarƙashin ƙafa, ruwa ba ya zama sai inda ya tsage ko ya ruɓe. Sai a samu ruwa a gidan nan, a haƙa a maƙwabta a tashi da ƙura. Shi ya sa ake fara kiran masu awo.

Su kan kafa fegin ƙarfe a jere, su haɗa su da waya. Biyu na gefe su tura lantarki cikin ƙasa, biyu na tsakiya su auna abin da ya biyo. Busasshen dutse yana tare lantarki, jiƙaƙƙen wuri yana ba shi hanya, kuma gwargwadon nisan fegi gwargwadon zurfin da ake kaiwa. Conrad Schlumberger ya fara gwada wannan a Faransa tun 1912.

To amma na'urar lambobi kawai take bayarwa. Hoton nan mai ja da shuɗi da ake nuna wa mai gida, kwamfuta ce ta lissafo shi.

Ƙa'idojin da lantarki da maganaɗisu ke bi, James Clerk Maxwell ya tattara su tun 1865. Matsalar ita ce ba sa warwaruwa da alƙalami sai a kan siffa mai tsari, ƙarƙashin ƙasa kuwa babu tsari. Mafitar ta yi kama da awon gona mai karkatacciyar iyaka: a yanka ta alwatika-alwatika, a auna kowace, a tara. Haka kwamfuta ke yanka ƙasar gunduwa-gunduwa dubbai, ta ɗauka cewa a cikin kowace gunduwa ƙarfin lantarki yana sauyawa ne cikin sauƙi, sannan ta tilasta wa maƙwabtan gunduwoyi su yi daidai a inda suka haɗu. Lissafi ɗaya gagararre ya koma ƙananan lissafi masu yawa, wanda kuwa shi ne abincin kwamfuta. Kusa da fegi, inda lantarki ke cunkushe, ana ƙanƙanta gunduwoyin. Can ƙasa a bar su manya.

Richard Courant ya kawo tunanin a 1943, injiniyoyin jirgin sama suka raine shi, Peter Silvester na Jami'ar McGill a Kanada ya shigo da shi fagen lantarki a 1969. Da shi ake zana taransfoma da eriyar wayar hannu a yau.

Wurin da ya kamata mai biyan kuɗi ya buɗe ido shi ne nan. Kwamfutar cinta take yi: ta ƙaddara yadda ƙasa take, ta lissafa abin da fegi za su auna in haka ne, ta kwatanta da awon gaske, ta gyara, ta sake. Ƙasa iri biyu daban suna iya ba da lambobi kusan ɗaya. Jiƙaƙƙen yumɓu ma yana ba lantarki hanya sosai, sai ya fito shuɗi a hoto kamar wurin ruwa, alhali ba ya sakin ruwan da zai cika tulu. Wayar da ta tsage ko fegin da bai kama busasshiyar ƙasar rani ba, su ma suna zana abin da babu.

A ganina, mai awon da ya ce na'urarsa ta ga ruwa ya yi zuƙu. Wanda ya san aikinsa zai ja layi biyu masu gitta juna, ya zuba ruwa a gindin fegi in ƙasa ta bushe, ya kuma tambayi masu rijiyoyin unguwa a mita nawa suka tarar da dutse.