Takalmin Direba Ma Kayan Mota Ne

Ka tsaya a tashar motar Birnin Gwari da sassafe ka kalli direban da ke shirin ɗaukar hanyar Kaduna. Zai buɗe bonet ya duba baƙin mai da ruwan lagireto, ya zagaya yana harbin tayoyi da ƙafa. Wannan ƙafar da yake gwada taya da ita, kalle ta da kyau: silifas ne na roba, diddigensa ya cinye, hancinsa an ɗaure da waya. Da shi zai taka totur da birki da kuloci, ya ratsa Udawa da Buruku ɗauke da rayukan mutane. Duk abin da ya duba yana da muhimmanci, amma abin da ya manta shi ne ke tsakanin ƙafarsa da birki.

Waɗanda suka fi kowa ɗaukar wannan batu da gaske su ne masu wata 'yar ƙaramar motar tsere a Ingila. A 1957 injiniya Colin Chapman ya fito da Lotus Seven, mota mai kujera biyu, marar nauyi, wadda ake sayar wa mutum gunduwa-gunduwa a cikin akwatuna ya haɗa abarsa a gida. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta, kuma har yau yana yi. Nauyinta bai wuce kilo 500 da 'yan kai ba, kusan rabin Golf ɗin da ke jigila a hanyoyinmu. Saboda ƙanƙantarta, akwatin giya ya cinye tsakiya, wurin zura ƙafa ya zama kamar rami, matakan nan uku na totur da birki da kuloci kuma suka matsu da juna. Mai faffaɗan takalmi in ya nufi birki sai gefen takalmin ya haɗa da totur, motar ta zabura a lokacin da ake so ta tsaya. Shi ya sa masu ita ke sayen takalmi na musamman, siriri, mai tafi marar kauri, wasu ma su tuɓe su tuƙa da safa. A 2000 kamfanin ya fito da samfurin SV mai ɗan faɗi, domin dogaye da masu manyan ƙafafu.

Matsuwar tana da amfaninta. Gwanin tsere kan danne birki da yatsun ƙafar dama, ya taɓa totur da gefen ƙafar a lokaci guda yayin rage giya, don kada motar ta fizga a kwana. Wannan dabara ba ta yiwuwa sai matakan na kusa, kuma sai ƙafa na jin abin da take takawa.

Motocinmu ba su kai haka matsuwa ba, amma hanyarmu ta fi filin tsere bazata. Mai bin titin Funtuwa ko na Tegina ya san ramin da ke ɓullowa bayan kwana, da garken shanu da ke fitowa daga dajin Kamuku ba sallama, da tirela da ta lalace aka jera mata ganye a tsakiyar titi. Shekarun rashin tsaro kuma sun koya wa direbobin yankin gudu, don ba wanda ke son ya daɗe a cikin daji. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Idan silifas ya maƙale a ƙarƙashin birki, ka ɓata daƙiƙa biyu kana laluben sa, ka riga ka wuce rabin filin ƙwallo ba tare da motar ta rage gudu ba.

Laifin silifas shi ne ba ya riƙe diddige. Ƙafa na tashi daga totur, shi yana biyo ta a baya yana lilo, bakinsa na iya shigewa ƙarƙashin matakin da ke kusa. Direbobinmu na son sa ne saboda zafi da sauƙin alwala, kuma wannan dalili ne mai kyau. Sai dai jiƙaƙƙiyar ƙafa a kan roba santsi gare ta kamar sabulu. Takalmin ruwa da manomi ke sawa da damina nasa laifin daban ne: faɗinsa na haɗa mataki biyu, kaurinsa na hana jin ƙarfin da aka danna, ga jar lakar gona da ke manne a ƙasansa. Mai dogon diddige irin na mata yana ɗage ƙafa daga daɓen mota, ta rasa wurin dogara. Tuƙi da ƙafa tsirara ya fi silifas, amma in ta yi gumi tana zamewa, musamman idan robar da ke kan matakin ta cinye ƙarfe ya fito.

Ba takalmi kaɗai ke shiga tsakani ba. A 2009 kamfanin Toyota ya janye miliyoyin motoci a Amurka saboda shimfiɗar ƙasan mota na iya danne totur ya ƙi dawowa. Mu kuma mukan ƙara guntun kafet a kan wani, mu bar gorar ruwa tana gangarawa, ko gefen babbar riga ya sauka har ƙasa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Maganin ba shi da tsada. Ka ajiye kambas ko sau-ciki mai laushi, wanda ya rufe diddige, ya zauna a mota don tuƙi kawai. Silifas ɗin alwala a sa shi a but, ba a gaban kujera ba. Ka goge ƙafa ta bushe, ka kankare laka kafin ka shiga. Robar mataki in ta cinye, bakanike zai sauya ta cikin minti kaɗan. In ka karɓi motar da ba ka saba da ita ba, ka taka matakan ɗaya bayan ɗaya kafin ka tayar, ƙafarka ta san tazararsu. Ɗan acaɓa ma abin ya shafe shi, tunda da ƙafar hagu yake sa giya, da ta dama yake taka birkin baya.

Shugabannin tasha da ke duba lodi da takardu za su iya ƙara duba takalmin direba kafin mota ta fita, kuma ba ya buƙatar na'ura. Fasinja ma, kafin ka ce Allah ya kiyaye hanya, ba laifi ka leƙa ƙafar direba, ka ce masa cikin ladabi: "Malam, ina takalmin?"