Sayen laftop ta hannu: lambar da ke bayan i5 ta fi tambarin da ke jiki muhimmanci

Matashin da ya saba sayen waya ya san tambayoyinsa tun daga gida: RAM nawa ne, ma'ajiya giga nawa, batirin yana kwana ko ba ya kwana. Amma ranar da buƙatar laftop ta taso masa, sai ya koma baƙo. Wani aikin kammala karatu ne ya matso shi, wani zanen fosta yake son koya don ya riƙa samun na kashewa, wani kuma hannunsa yake so ya saba da kibod kafin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta. Ko a Beirut Road ko Farm Centre a Kano ya tsaya, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, kalma biyu zai fi ji: wannan Core i5 ce, waccan Core i7 ce. Da yawa a nan suke yanke shawara, su ƙirga kuɗin da aka yi wata da watanni ana tarawa, su tafi gida da injin da ya haura shekara 10 a duniya.

Sabuwar laftop mai ƙarfi ta fi ƙarfin aljihun yawancin ɗalibai, shi ya sa kasuwar ta hannu, wadda ake kira tokumbo, ta fi ci. Kuma ba laifi ba ne. Akasarin waɗannan kwamfutoci na ofisoshi ne a Turai da Amurka, waɗanda kamfanoni ke sauyawa bayan 'yan shekaru, kuma an ƙera su ne don su jure aiki. Matsalar kawai ita ce a teburi ɗaya ake jera ta 2012 da ta 2019, dukkansu an goge su suna sheƙi, dukkansu da tambarin Intel a gefen kibod.

Yadda ake karanta shekarun firosesa

Sunan i3 ko i5 ko i7 matsayi ne kawai a cikin gida ɗaya, kamar a ce ƙarami da matsakaici da babba. Intel ta yi shekara fiye da 10 tana fitar da sabon zubi da waɗannan sunaye, abin da 'yan kasuwa ke kira jenareshan. Zubin yana ɓoye a lambar da ke biye da sunan. A i5-3320M, lambar farko 3 ce, wato zubi na 3, na shekarar 2012. A i5-6300U zubi na 6 ne. A i5-8250U zubi na 8 ne, wanda ya fito a 2017. Daga zubi na 10 lambobi biyu na farko ake dubawa: i5-10210U na 10 ne, i5-1135G7 na 11 ne.

Ga inda abin ke cin mutane. Firosesar i7-7500U, wadda ake yi wa kirari da i7, ƙwayoyin aiki biyu gare ta. Ita kuwa i5-8250U da ta biyo bayanta ƙwayoyi huɗu gare ta. Wanda ya ƙara kuɗi don ya ɗauki waccan i7 ɗin ya bar wannan i5, ya biya ƙari ne ya karɓi ragi. Bambancin yana bayyana da zarar an buɗe shafuka 15 a Chrome, ga Word a buɗe, ga taron Zoom yana tafiya.

Zubi na 8 yana da wani muhimmanci da ya wuce gudu. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum, sai dai wani shirin ƙarin wa'adi na shekara ɗaya ga masu amfani a gida. Windows 11 kuwa ta gindaya sharuɗɗa: RAM aƙalla giga 4, ma'ajiya giga 64, wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, sannan firosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ban da 'yan ƙalilan da aka keɓe. A ɓangaren AMD, irin su Ryzen 5 3500U da na bayanta sun shiga. Masu gyara sun iya dabarar cusa Windows 11 a tsohuwar kwamfuta, kuma za ta tashi ta yi aiki, amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da sabunta irin wannan ba. Don haka ganin Windows 11 a sikirin ba hujja ba ce cewa injin ya cancanta. Ga wanda zai riƙa shiga asusun bankinsa da imel ɗinsa a kwamfutar, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Duba lambar ba ya ɗaukar minti ɗaya. A danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda, Task Manager zai buɗe, a shiga Performance. A nan cikakken sunan firosesa yake, da yawan RAM, da irin ma'ajiyar da ke ciki. Sitika tana iya zama ta wata kwamfutar daban, wannan shafin kuwa abin da ke cikin injin yake faɗa.

Samfuran da suka cika kasuwa a wannan aji sun haɗa da HP EliteBook 840 G5, da Dell Latitude 5490 da 7490, da Lenovo ThinkPad T480. Sai dai ko a cikinsu akwai waɗanda aka fitar da firosesar zubi na 7, jiki ɗaya, suna ɗaya. Ita kuwa EliteBook 840 G3, wadda ta yi farin jini sosai wajen ɗalibai, zubi na 6 ce. Kwamfuta ce mai ƙwari, amma lokacinta ya ja, kuma ya kamata farashinta ya nuna hakan.

Ma'ajiya da RAM

Idan laftop tana ɗaukar minti biyu kafin ta tashi, galibi ba firosesa ce mai laifi ba. Tsohuwar ma'ajiya ce, HDD, wadda faifai ne ke juyawa a ciki da allura tana karantawa. Tana karanta wajen megabait 100 a daƙiƙa, ita kuwa SSD mafi sauƙi tana kai 500, nau'in NVMe kuma ya ninka haka sau da yawa. SSD ba ta da abin da ke motsi, saboda haka girgizar adaidaita sahu ko faɗuwar jaka ba ta cika yi mata illa ba. Mai saye zai ga an rubuta tera 1 a kan wata, giga 256 a kan wata, ransa ya tafi ga babbar lamba. In tera 1 ɗin HDD ce, giga 256 na SSD ya fi ta amfani nesa ba kusa ba. Finafinai da hotunan biki sai su zauna a ma'ajiyar waje.

RAM giga 8 shi ne mafi ƙanƙantar abin da za a zauna lafiya da shi yau. Mai haɗa bidiyo ko mai koyon rubuta manhaja ya nemi 16. Tambayar da ake mantawa ita ce ko ana iya ƙarawa. T480 da Latitude 5490 suna da gurbi biyu na RAM, mutum zai iya farawa da 8 ya ƙara in hali ya yi. Siraran kwamfutoci da yawa kuwa an liƙe RAM ɗinsu a jikin allon injin, yadda aka saye su haka za su tsufa.

Netbuk ta mutu, amma ta bar magada

A 2007 kamfanin Asus ya fitar da Eee PC, 'yar ƙaramar kwamfuta mai sikirin inci 7, mai arha, wadda aka yi don shiga intanet da ɗan rubutu. Ita ta buɗe kasuwar netbuk, kuma da firosesar Intel Atom ta zo a 2008 kusan kowane kamfani ya shiga. Daɗin bai daɗe ba. iPad ta fito a 2010, wayoyi suka yi ƙarfi, kuma zuwa ƙarshen 2012 Asus da Acer sun daina ƙera su. Har yanzu akan ci karo da su a kasuwa da farashi mai jan hankali. Wayar da ke aljihun mai sayen ta fi su ƙarfi, don haka babu dalilin ɗauka.

Magadanta su ne ƙananan sababbin laftop masu firosesar Celeron, irin N4020, da RAM giga 4 a liƙe, da ma'ajiyar eMMC giga 64, irin wadda ake sa wa wayoyi masu arha. Suna zuwa a kwali, da leda, da launi mai kyau, kuma iyaye sukan fi natsuwa da su tunda sababbi ne. Amma Windows kaɗai tana cinye kaso mai tsoka na giga 64 ɗin, sauran kuma sabuntawa ta bi ta kai. Suna da ranarsu: ba su da nauyi, batirinsu yana jimawa, yawancinsu ba su da fanka balle ta shaƙi ƙura. Wanda aikinsa bai wuce buga takarda da karanta PDF ba zai iya zama da ita. Wanda ke mafarkin CorelDRAW ko Photoshop ko AutoCAD zai yi da-na-sani tun makon farko.

Haka Chromebook. Ba Windows take amfani da ita ba, manhajojin da malamai ke buƙata irin SPSS ba sa hawa kanta kai tsaye, kuma wasu daga makarantun ƙasashen waje suka fito da makullin hukumar makarantar a kansu, wanda goge kwamfutar ba ya cire shi.

Batir, a ƙasar da wuta ba ta da tabbas

A Landan batir mai awa ɗaya ƙaramar damuwa ce. A Gusau ko Zinder shi ne bambanci tsakanin gama aiki da rufe kwamfuta a tsakiyar shafi. Jin cewa batirin yana awa huɗu ba ya wadatarwa, tunda Windows tana da hanyar faɗin gaskiya. A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, za ta ajiye rahoto ta nuna inda yake. A cikinsa akwai lambobi biyu: ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da yake iya ɗauka yanzu. In na biyun ya kai kashi 80 cikin 100 na na farkon, batirin yana da sauran rai. In ya faɗo ƙasa da rabi, sai a sa kuɗin sabon batir a lissafi kafin a yi ciniki. A kuma dubi madannin taɓawa da ke ƙasan kibod: in ya ɗago ko jikin ya buɗe ta gefe, alama ce batirin ya kumbura, kuma wannan haɗari ne.

Wani abin da ya cancanci a ƙara masa kuɗi shi ne caji ta USB-C. Laftop ɗin da ke karɓar caji ta nan za ta iya sha daga fawa-bank mai fitar da wat 65, ko daga ƙaramin tsarin sola, caja ɗaya kuma ta ishi waya da kwamfuta. Ba kowace kafar USB-C ce ke karɓar caji ba, saboda haka a gwada a shagon. Manyan kwamfutocin wasan gem kuwa, masu fitilu kala-kala da ke ɗaukar ido, cajarsu takan ja wat 150 zuwa sama, batirinsu ba ya daɗewa, ga nauyi. Sai mai buƙatar katin hoto na gaske ya dace ya ɗauki wannan kaya.

Zafi ma abin lura ne. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, hunturu kuma ya cika fanka da ƙura. A bar bidiyo yana tafiya na minti 10 a shago, a saurari fanka, a taɓa ƙasan. Wadda ta yi zafin da hannu ba ya jurewa a ƙarƙashin fankar shago, a ɗakin kwanan ɗalibai sai abin da ya ƙaru, musamman ga masu ɗora ta a kan katifa suna toshe mata hanyar iska.

Makullai da sauran abin dubawa

Kwamfutar ofis takan zo da kalmar sirri a BIOS, wato shafin saitin da ke gaban Windows. A sake kunna ta a shiga, F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad. In ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai da ita, a ajiye. MacBook kuma, daga masu guntun T2 zuwa masu M1 na 2020 da na bayansu, suna da makullin iCloud irin na iPhone, kuma duk wanda ya taɓa sayen iPhone a kulle ya san ƙarshen labarin. A sa mai shago ya goge ta, mai saye ya shiga da asusunsa a gabansa.

Sauran gwajin na ido da hannu ne. Farin shafi da baƙin shafi suna tona tabon sikirin, kuma mai 1920 da 1080 ya fi mai 1366 da 768 sauƙin karatu ƙwarai. A buga kowane harafi, a gwada kyamara da makirfo da kowace kafa, a buɗe murfin a rufe a ji ko maƙalinsa ya saki. Tsarin kibod ma yakan ba da mamaki: waɗanda suka fito daga Faransa da Beljiyam da AZERTY suke farawa, na Jamus kuma sun musanya Y da Z. Ga ɗalibi a Maraɗi ko Yamai mai rubutu da Faransanci, AZERTY ita ce daidai. Ga mai shirin JAMB kuwa, gara QWERTY, irin wadda zai tarar a cibiyar jarrabawa.

Rasit ya ɗauki sunan shago, da samfurin, da lambar siriyal da ke ƙasan kwamfutar, da kwanakin garanti da aka yi alkawari a rubuce. Shi ne kariya in matsala ta ɓulla bayan kwana uku, shi ne kuma shaida in wata rana aka ce kayan na sata ne. Da an isa gida aka haɗa ta da hotspot ɗin waya, a shiga saitin Wi-Fi a kunna Metered connection tukuna, in ba haka ba Windows za ta fara sauke sabuntawa a ɓoye, datar wata guda ta ƙare kafin sallar isha'i.